Kusurwar Takardar da Na Yage

Shekarun baya, lokacin da tattasai bai daɗe da fita daga zargi ba a ƙasarmu, na hau jirgin sama. Ni ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Abin da kuke karantawa da baki na faɗe shi aka zuba mini a waya. In kun ji Hausar ta karkace ku yi haƙuri, a kasuwa na tsince ta, da Barbarci aka goye ni.

Mu mutanen bakin kogin Komadugu ne, manoman tattasai tun kakanni. Idan ruwa ya ja baya mu bi shi da dashe, idan tattasai ya nuna mu tsinke, mu shanya shi a kan rairayi har ƙasa ta yi ja kamar an shimfiɗa mata darduma. Da shi muka yi aure, da shi muka aurar, da shi ɗiyata ta yi karatu har ta zama malamar makaranta a Yamai.

Sai tashin hankalin nan ya zo, wanda ba sai na faɗi sunansa ba. Muka baro gonakinmu na wajen Baruwa muka dawo Diffa, gidan ɗana. A cikin waɗannan shekarun aka hana fataucin tattasai, aka ce ribarsa tana shiga hannun da bai kamata ba. Mai gidana, Allah ya ji ƙansa, ya loda abin da ya rage mana na buhuna a mota, ni ina zaune a kansu. A wani shinge a kan hanya aka tsayar da mu. Wani saurayi mai kaki ya zo da gwangwanin jan fenti, ya bi buhunan ɗaya bayan ɗaya yana ja musu layi. Aka sauke su. Mai gidana ya ce, "Ɗana, ina za a kai su?" Ya ce, "Za a ajiye muku, Baba."

An ajiye su kuwa. A nan bakin shingen suka zauna, rana ta dake su, damina ta zo ta same su, har suka zama baƙar ƙasa. Duk sanda muka bi hanyar sai mai gidana ya kau da kai. Ba na zagin yaron nan. Umarni aka ba shi, kuma shi ma ɗan wata ne da ba ta samun barci saboda shi. Amma tun ranar idona ya koyi karatu guda ɗaya, wanda ba malamin da ya biya mini: in aka ja jan layi a kan kayanka, kayanka ba za su wuce ba.

Ana nan, ana nan, mai gidana ya rasu, hanya ta ɗan buɗe, muka koma dashe kaɗan-kaɗan kusa da gari. Sai ga waya daga Yamai. Ɗiyata tana da ciki. Kafin wannan, ciki biyu sun zube mata bayan sun yi ƙwari, har ta daina faɗa mini in ta samu. Wannan ya kai watan haihuwa, amma likita ya ce jaririn bai juya ba, sai an yi mata aiki an ciro shi, kuma an sa rana, jibi da safe. Na ji muryarta a waya kamar ta yarinyar da aka bari ita kaɗai a ɗaki. Ta ce, "Iya, ni ba zan kwanta a kan gadon nan ba sai na ga fuskarki."

Wanda ya san Diffa ya san Yamai ba nan kusa ba ce. Motar kasuwa sai ta kwana a hanya, in ta lalace ta sake kwana. Surukina ya karɓi wayar ya ce akwai jirgin da zai tashi gobe, ya riga ya kama mini wuri, kuma in ya tashi babu wani sai mako ya juyo. Ke nan hanya ɗaya ce gare ni, ita ce ta sama.

Da yammar nan ban yi tunanin zane ko takalmi ba. Turmi na jawo. Na daka yajin jego da tattasan gonata da barkono da citta da kimba da masoro, na tankaɗe shi ya yi laushi, na cika babban gwangwanin madara, na ɗaure bakinsa da tsumma. Uwar da ta je jegon ɗiyarta ba yaji, me ta je yi?

Da safe ɗana ya kai ni filin jirgi. Aka auna akwatina aka tafi da shi, gwangwanin kuwa na ce ba mai raba ni da shi, a jakar hannu zai zauna. Aka ba mu wata ƴar takarda mai ƙarfi, doguwa, ita ce takardar shiga jirgi. Ɗana ya danƙa mini ita da kartina na ɗan ƙasa, ya ce, "Iya, daga nan ba a barin mai rakiya. Wannan takarda ita ce ƙafarki. Kada ki ninke ta, kada ki jiƙa ta, kada ki ba kowa sai mai kaki." Na ce na ji. Ya sake faɗa. Na ce, "Ni na haife ka, na ce na ji."

A layi, bayana akwai wani dattijon Bafulatani, mai fataucin shanu daga garin Maine, da sandarsa da malafarsa. Ya dubi tsagen fuskata ya yi murmushi. Wanda bai sani ba, mu da Fulani abokan wasa ne. In Bafulatani ya gan ka bai tsokane ka ba, to ba shi da lafiya.

Ya ce, "Ikon Allah. Yau Barebari sun gano jirgi. Baiwar Allah, kin san ba a tsayawa a hanya a sayi kifi?"

Na ce, "Kai dai ka riƙe bakinka, kada ka ga girgije ka ce a sauke ka ka kirawo shanu."

Ya ce, "Za mu gani wa zai fara salati."

Wurin binciken nan, su suna ce masa kwantirol, na tsaya na lura da shi sosai, don wanda bai iya karatu ba da ido yake rayuwa. Da farko wani mutum zai karɓi takardarka da kartinka, ya dubi hoto, ya dubi fuskarka, ya sake duban hoto, ya bi sunan da yatsa a nan da can. Sai ka ɗora jakarka a kan wani abu mai tafiya da kansa, ya shige da ita cikin akwatin ƙarfe, wani yana zaune yana kallon cikinta a talabijin. Sai kai kuma ka ratsa wata ƙofa da ba ta da ɗaki ba ta da ƙyaure, tana tsaye ita kaɗai a tsakar wuri. Duk tsufana ban taɓa ganin ƙofa mai ƙara ba sai ranar. Ina shiga ta yi kuka. Na koma na cire awarwarona, ta sake kuka. Ashe makullin ɗakina ne da ke ƙulle a bakin zanena.

Bafulatanin ya ce, "Ƙofar ma ta san Babarbariya." Sai aka zo kansa aka karɓe sandarsa aka ce wurin kaya za ta, ya tsaya hannu biyu babu abin riƙewa kamar an yi masa aski da rana. Na ce, "To, yau da me za ka yi kiwo?"

Mai binciken mata wata yarinya ce doguwa, baƙa, kakinta a goge. Hausarta ta mutanen yamma ce, na ji daga baya daga wajen Dosso aka turo ta aiki, kuma na ga ƙaramin gicciye a sarƙar wuyanta, na san Kirista ce. Ta kai ni bayan labule ta ce, "Mama, ki yi haƙuri, zan taɓa ki." Ta shafa ni daga kafaɗa har ƙafa, hannunta ba nauyi. Sannan ta jawo jakata ta ciro gwangwanin. Kafin in ce a hankali ta kwance tsumman ta kai hanci.

Atishawa ta kama yarinyar nan, ɗaya na bin ɗaya, har hularta ta karkace. Abokan aikinta suka kwashe da dariya. Ta ɗago ido jawur tana hawaye, ita ma tana dariya, ta ce, "Mama, wannan na jego ne?"

Na ce, "Na jego ne. Gobe za a yi wa ɗiyata aiki."

Ta ce, "Allah ya raba su lafiya. Amma wannan ba zai shiga wurin zama ba. In ya buɗe a sama har direban jirgi sai ya yi kuka. Za a ajiye miki wurin kaya, ki karɓa a Yamai."

Za a ajiye miki. Ta kira wani ya liƙa wa gwangwanin takarda ya tafi da shi ina kallo. Sannan ta karɓi takardar shiga jirgina, ta zaro alƙalami daga aljihun gabanta. Ja ne. A kusurwar takardar ta ja layi, ta kewaye shi, ta yi wani ɗan rubutu a ciki, ta miƙo mini tana murmushi. Ta ce, "Ki wuce, Mama."

Na wuce ɗakin jira. Na zauna a kujerar ƙarshe. Na ce a raina, an gama. An karɓi tattasai, an ce za a ajiye, an ja jan layi. Yaron shingen ma ai da ladabi ya yi magana. Yanzu sun bar ni in zauna ne don kada in yi kuka a gaban mutane. In an zo bakin jirgi wani zai ga jan nan ya ce ke koma gefe. Na duba hannun mutane ko zan ga wani mai irin tawa. Wannan ya sa tasa a aljihu, wancan ya cusa ta cikin fasfo, Bafulatanin ya soke tasa cikin hular da ke ƙarƙashin malafa. Ban ga ta kowa ba. Kuma ban tambayi kowa ba. Wanda aka yi wa alama ba ya ɗaga hannu ya ce ku zo ku gani.

Na ja mayafina na rufe hannuwana. Na tofa yawu a bakin zane na goga. Jan ya baje ya ƙara faɗi, kamar ciwon da aka sosa. Na sa farce na kankara, takardar ta fara saɓulewa. Ɗana ya ce kada in jiƙa, na jiƙa. Ya ce kada in ninke, sai na ninke kusurwar nan a hankali, na bi ta da farce, na yage ta tsaf, yadda ake yage tsumma a kan zare. Na duba aikina na ga ya yi kyau. Har na yaba wa kaina da dabara, Allah ya yafe mini.

Guntun da na yage akwai rubutu a jikinsa. Mu tun muna yara an hana mu yar da rubutu a ƙasa, don wanda bai iya karatu ba bai san inda sunan Allah yake ba. Kwandon shara yana gefena ban jefa ba. Na ƙulle guntun a bakin zanena, kusa da makulli da ɓarin goro.

Jirgi ya sauka, aka kira mu. Muka yi layi a ƙofar da ke fita fili. A nan akwai wani babba, shi suke kira shef, mai furfura a gemu, fuskarsa ba wasa. Kowa ya miƙa takarda, ya dubi kusurwa, ya ce wuce. Da na miƙa tawa sai ya juya ta gaba, ya juya ta baya, ya shafa wurin da na yage da babban yatsa.

Ya ce, "Hajiya, ina alamar kwantirol?"

Na ce, "Ban je Makka ba tukuna."

Ya ce, "Allah ya kai ki. Ina alamar?"

Ya sake duban kusurwar. Ya ce, "Tsaya nan gefe." Abin da na yage takarda don in guje masa, shi ne ya same ni, da kalmominsa ba ragi. Na tsaya gefe ina kallon mutane suna fita, suna taka filin zuwa matakalar jirgi. Bafulatanin ya zo wucewa ya tsaya, ya ce, "Me ta yi? Kifi ta ɓoye?" Ba wanda ya yi dariya, shi ma sai ya bari.

Shef ya aika aka kira yarinyar mai bincike. Ta zo da sauri, ta gan ni ta ce, "Shef, na bincike ta. Ita ce mai yaji, kowa ya ji atishawata."

Ya ce, "Atishawa ba alama ba ce. Kin san garin da muke ciki. In takarda ba ta da alama, mai ita bai bi ta hannunmu ba, ko da uwata ce. Wa ya sani ko musanya aka yi a ɗakin jira?" Sai ya dube ta da kyau ya ce, "Ko dariya ce ta ɗauke ki kika manta ba ki sa ba? Kusurwa ta yage, na gani, amma ni ban ga jan komai ba. In mantuwa kika yi ki faɗa tun yanzu, don sai na kai maganar sama."

Yarinyar ta matso kusa. Ta dubi takardar, ta dube ni. Ba ta ce ni na yage ba, ko da yake ina jin ta gane. Ta dai tsaya, hannu a baya, yadda ɗiyata take tsayawa in ubanta yana mata faɗa kan abin da ƙaninta ya fasa. Wannan tsayuwar ce ban iya ɗauka ba. Na ce a raina, ke tsohuwa, ɗiyarki tana can tana jiran ki, ga ɗiyar wata a nan za ki sa a ci mata mutunci a wurin aikinta. In jirgin zai tafi ya bar ki, ya bar ki da gaskiya a baki.

Na kwance bakin zanena. Makulli ya faɗi, goro ya gangara. Na ɗora guntun a tafin hannun shef. Ya haɗa shi da takardar ya zauna daidai, ga jan layin, ga kewayen, ga inda yawuna ya baje shi.

Ya ce, "Wa ya yage?"

Na ce, "Ni."

Ya ce, "Don me?"

Ban yi niyyar ba da labari ba, amma ya fito da kansa. Na faɗa musu buhunanmu, da shingen, da jan fenti, da "za a ajiye muku, Baba," da yadda mai gidana ya mutu bai ƙara duban gefen hanyar nan ba. Na ce, "Yau ma tattasai aka karɓa, ja aka sa mini. Ni abin da na iya karantawa ke nan. Ɗiyata ta ce ba za ta yarda a yi mata aiki ba sai ta gan ni. Yarinyar nan ba ta da laifi, ta yi aikinta."

Sai Bafulatanin ya cire malafarsa, ya cire hula, ya zaro takardarsa ya ɗaga ta dab da idona. Ga jan layi, ga kewaye, ga ɗan rubutun, irin nawa sak. Ya ce, "Duba nan, Babarbariya. Ni ma an shafa mini, kuma ni tun da aka haife ni ban taɓa duƙawa na dasa tattasai ba." Wata mata mai goyo da ke bayansa ta ɗaga tata. Wani Bature mai aikin agaji, da bai ji abin da ake faɗa ba, ya ga ana ɗagawa shi ma ya ɗaga tasa. Duk wanda ya rage a layin nan, ja ce a kusurwar takardarsa. Ni kaɗai ce ba ni da ita, ni da na fi kowa buƙatarta.

Da ƙasa za ta tsage da na shiga, in ja mayafina in rufe.

Shef ya shafa gemunsa. Muryarsa ta sauko amma maganarsa ba ta canza ba. Ya ce, "Na ji, Iya, kuma na yarda. Amma takardar da aka yage aka goge ba zan wuce da ita haka ba. Sai an sake bincike, an sake alama. Su kuma can ba sa jira."

Yarinyar ta ce, "Shef, ka ba ni ita." Ta kama hannuna, muka koma. Rabona da gudu tun ranar da muka baro Baruwa. Ta sake bi da ni ta ƙofar nan mai kuka, wannan karon ta yi shiru, don makullin yana can ƙasa inda ya faɗi. Ta sake shafa ni bayan labule, ba ta tsallake ko'ina ba, duk da saurin da muke. Ta samo abin liƙi mai haske ta haɗa guntun da uwarsa. Sannan ta zaro alƙalamin, amma ba ta ɗora shi ba. Ta riƙe shi inda zan gan shi.

Ta ce, "Mama, zan sake sa ja. Ja ce ta yau. Gobe wata kala ce, kullum muna canzawa don kada wani ya kwaikwaya a gida. Ba ni da ikon canza miki ita."

Na ce, "To me take cewa?"

Ta ce, "Layin yana cewa an duba sunanki da fuskarki. Kewayen yana cewa an duba jikinki da jakarki. Wannan ɗan rubutun na ciki kuwa farkon sunana ne. In wani abu ya faru a jirgin nan ta wajenki, ni za a zo a kama. Ba cewa take an tsare ki ba, Mama. Cewa take na tsaya miki."

Na dubi yarinyar nan da ba ta san ni ba, ba ta san gidanmu ba, addininmu ma ba ɗaya ba. Na ce, "Sa, ɗiyata." Ta ja layin ya ratsa guntun da uwar takardar gaba ɗaya, yadda ko na sake yagewa rabi zai rage. Ta ce, "Na san halinki yanzu." Muka yi dariya muna gudu.

Shef ya dubi kusurwar, ya miƙo mini makullina da ya tsinta, ya ce wuce. Da na fita fili na hango kowa ya shige sai mutum ɗaya a tsakiyar matakala. Bafulatanin ne. Ya riƙe ƙarfen gefe da hannu biyu, ya ɗaga ƙafa ɗaya ya ajiye, ya tsaya yana nishi, ma'aikaciyar jirgi tana sama tana roƙonsa ya hanzarta. Yana cewa, "Gwiwa ce, ɗiyata. Kun karɓe mini sanda, da me zan hau?" Mutumin da na gani da idona yana tafiya kamar saurayi. Ina isa bayansa gwiwar ta warke, ya haye sauran matakan a guje. Da muka zauna ya leƙo ta tsakanin kujeru ya ce, "Kada ki gode mini. Na ji tsoron kada a rasa wanda zai fara salati ne." Ni na fara kuwa. Amma da jirgin ya karkata a kan Komadugu na ji nasa ya fi nawa ƙarfi.

A Yamai kaya suka riƙa fitowa a kan abin nan mai tafiya. Ga akwatina, ga sandar Bafulatani, sai ga gwangwanina yana tafe shi kaɗai, tsummansa a ɗaure yadda yarinyar ta mayar. An ce za a ajiye mini, kuma an ajiye. Na ɗauke shi na rungume, na yi kukan da ban yi ba a bakin shinge. Surukina ya zaci tsoron jirgi ne, na bar shi a haka.

Ɗiyata ta ga fuskata kafin magariba. Da safe na raka ta har ƙofar da ba a wucewa, ina riƙe da hannunta. Aka ciro mace, lafiyayya, mai ƙarar murya. Yanzu tana makaranta, in ta zo hutu ita ke gyara mini Hausa.

Na daɗe ina juya abin nan a raina. Tsoron da na shiga filin jirgi da shi ba ƙarya ba ne, da gaske an taɓa ja mana layi an hana mu wucewa. Amma na ɗauki abin da wani hannu ya yi mini na ɗora wa wani hannun, ban tambaya ba. Tambaya ɗaya da na yi wa na kusa da ni da ta ishe ni. Mu da muka ga abin da muka gani a bakin kogin nan, da yawanmu haka muke: mun daina tambaya, mun zaci mun riga mun san amsa. Har yau in na ga jan alƙalami a hannun mai kaki gabana yana faɗuwa, ban warke ba. Sai dai yanzu nakan buɗe baki in ce, "Ɗana, wannan me yake cewa?" Kuma in na ga masu binciken nan ana zaginsu wai suna ɓata wa mutane lokaci, ba na sa baki. Na san kowane layi da suka ja, wuyansu suka ɗora a kai.

Yarinyar nan mai bincike kuwa ban sake ganin ta ba sai bayan damina biyu, a kasuwar Diffa, wajen masu tattasai. Ba kaki, zane ne da riga, ga ciki ya tsufa. Tana tsaye tana taya wani garin yaji da aka haɗa da jar kala. Na dafa kafaɗarta na ce, "Ajiye wannan, ba na mai jego ba ne." Ta juyo ta dube ni, ta ce, "Mama mai yage takarda." Na tambaye ta wa zai zo mata jego. Ta ce mahaifiyarta ta rasu, dangi suna nesa, mijinta ma'aikaci ne, za su yi yadda suka iya.

Da ta haihu ni na je. Ni na dafa ruwan wanka, ni na dama kunun kanwa, ni na gasa wa jaririn cibiya. Wasu a unguwarmu suka ce, ke da tsufanki da carbinki, me ya kai ki kwana gidan Kirista? Na ce musu, ranar da ba ta san ni ba ta sa sunanta a takardata.

Yajin ma na daka mata, irin na ɗiyata, ban rage komai ba. Na kai mata a gwangwani na ce, "A hankali dai." Ba ta ji ba. Ta kwance tsumman ta kai hanci.